Tausayin Yaƙi: Fashin Baƙi Kan Waƙoƙin Wilfred Owen Daga Ramukan Faransa

Waƙoƙi biyar kacal Wilfred Owen, mawaƙi kuma sojan Birtaniya, ya ga an buga masa da idonsa. An kashe shi ranar 4 ga Nuwamba, 1918, a bakin mashigin ruwan Sambre-Oise kusa da ƙauyen Ors a arewacin Faransa, yana da shekara 25, saura kwana bakwai a tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Saƙon rasuwarsa ya isa ga mahaifiyarsa a garin Shrewsbury ranar 11 ga wata, ana tsakar kaɗa ƙararrawar coci don murnar ƙarewar yaƙin. A yau kuwa, in aka ce waƙar yaƙi a adabin Turanci, sunansa ne ke fara zuwa baki. Kusan duk waƙoƙin da suka jawo masa wannan suna ya rubuta su ne tsakanin Agustan 1917 da Satumban 1918.

Akwai masu ɗauka cewa ƙarfin waƙoƙin yana cikin munin abin da suke nunawa. Ai miliyoyin mutane sun ga abin da Owen ya gani, dubbai sun yi baitoci a kai, an manta da su. Abin da ya raba shi da su gwaninta ce. Ya gaji kayan aikin waƙar Turanci, wato kari mai santsi, da amsa-amo mai daɗin kunne, da kalmomin girmama matattu, ya kuma ga cewa da waɗannan kaya ake yi wa mutuwar samari ado. Bai yar da su ba. Ya riƙe su, ya lanƙwasa su da gangan, ta yadda kunnen mai sauraro zai ji wani abu ya karye tun kafin hankalinsa ya kama ma'ana. Wanda bai lura da wannan ba zai karanta Owen ne kamar rahoton jarida.

Sai an san ramin kafin a gane baitin. Tun ƙarshen 1914 fagen dagar yamma ya tsaya cik: layukan ramuka masu fuskantar juna, daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, tsawon kimanin kilomita 700. Mashingan da igwa da waya mai ƙaya sun sa tsare wuri ya fi kai hari sauƙi nesa ba kusa ba. Ranar 1 ga Yuli, 1916, ranar farko ta gumurzun Somme, sojojin Birtaniya suka fito fili suka doshi Jamusawa. Kafin dare an kashe 19,240, jimillar matattu da masu rauni da ɓatattu ta kai 57,470. Abin da ke samun wanda ya bar rami ke nan.

Ramin ba gwalalo guda ba ne irin na bayan ganuwa. Yawanci layi uku ne, na gaba, da na masu kawo ɗauki, da na 'yan jiran ko-ta-kwana, ga kuma ƙananan ramuka da suka haɗa su, ta inda abinci da harsashi ke zuwa, mai rauni ke komawa. Zurfin ya kai mita biyu ko ya ɗan ɗara, da dakali a jikin bangon gaba wanda soja ke takawa ya yi harbi, da buhunan yashi jere a baki. Ba a haƙa shi a miƙe. Kowane 'yan mitoci sai ya yi kwana, don in harsashin igwa ya faɗo ciki kada tartsatsinsa ya share layin duka, in kuma abokin gaba ya diro kada ya samu miƙaƙƙiyar hanyar buɗe wuta. Tsakanin wayar wannan ɓangare da ta wancan akwai filin da ba na kowa ba, wani wuri 'yan mitoci, wani wuri ɗaruruwa.

Ruwa ne babban mai ɓata shiri. Ana shimfiɗa katako a ƙasa, a haƙa ɗan rami ƙarƙashinsa don ruwa ya taru a kwashe, amma luguden igwa ya riga ya farfasa magudanan gonaki, ruwan sama ba shi da wurin zuwa sai ramin. Ƙafar da ta kwana biyu ko uku cikin ruwan sanyi, ga takalmi ya matse ta, jini ba ya zagaya ta yadda ya kamata. Za ta fara da daina jin taɓi, ta kumbura, ta yi baƙi, ta ruɓe, ƙarshenta sai yankewa. Dabarar da runduna ta samo ita ce shafa man kifin whale, da canza safa kullum, da ɗora wa ƙaramin hafsa nauyin duba ƙafafun mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Ga ƙwarƙwata mai kawo zazzaɓi, ga ɓeraye da suka ƙoshi da gawa, ga tsayuwar shiri kowace asuba da kowace magariba, lokutan da aka fi kawo hari. Igwa ce ta fi kashe mutane, kuma wanda igwa ta kashe bai taɓa ganin fuskar makashinsa ba. Wannan kaɗai ya isa ya rushe tsohuwar waƙar jarumta, wadda ta ginu a kan namiji ya tari namiji.

Owen ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, an haife shi a Oswestry ranar 18 ga Maris, 1893. Bai samu halin yin jami'a ba. Ya yi wa wani limamin coci hidima a ƙauyen Dunsden, ya bari, ya tafi Bordeaux yana koyar da Turanci, a can yaƙi ya same shi. Ya shiga soja a Oktoban 1915, ya zama ƙaramin hafsa a rundunar Manchester a 1916, ya isa fagen daga a Janairun 1917, cikin hunturu mai tsananin gaske. Wasiƙarsa ga mahaifiyarsa ta 16 ga Janairu ta bayyana aikinsa na farko: riƙe wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da Jamusawa suka bari, a tsakiyar filin da ba na kowa ba, mutum 25 cunkushe a ciki, ruwa ya kai ƙafa ɗaya zuwa biyu. Awa hamsin ana yi musu ruwan igwa. Santirin da ya tsayar a kan matakala, fashewa ta wurgo shi ƙasa ya makance. A farkon Fabrairu ya rubuta cewa sun kwanta a fili kan dusar ƙanƙara, har sanyi ya kashe ɗaya daga cikin mutanensa. A Afrilu, kusa da St Quentin, harsashin igwa ya ɗaga shi sama, ya yi kwanaki a wani ɗan rami jikin hanyar jirgin ƙasa, kusa da gutsattsarin gawar wani hafsa ɗan'uwansa. Bayan nan aka ga jikinsa na rawa, tunani na kuɓuce masa.

Wannan ita ce cutar da a lokacin ake dangantawa da girgizar fashewar harsashi, wadda yau aka gane rauni ne na ƙwaƙwalwa da tashin hankali ke bari. An ƙiyasta ta kama mutum 80,000 a rundunar Birtaniya. Manyan hafsoshi da dama ragwanci suke ganinta. Sojoji 306 aka harbe bisa laifin gudun daga ko tsoro da makamantansu, sai a 2006 aka yi musu afuwa. Owen dai an kai shi asibitin Craiglockhart kusa da Edinburgh a Yunin 1917, inda abu biyu suka haɗu. Likitansa, Arthur Brock, da aiki yake magani: ya sa shi koyarwa, ya ba shi shirya mujallar asibitin, ya ƙarfafa masa ya yi rubutu maimakon ya zauna yana gudun mafarkinsa. Sannan a Agusta ya haɗu da Siegfried Sassoon, hafsa kuma mawaƙi, wanda aka turo asibitin bayan ya fitar da takardar ƙin amincewa da ci gaba da yaƙin, har aka karanta ta a majalisa. Kafin nan Owen mabiyin salon Keats ne, wani tsohon mawaƙin Ingila, mai son kalmomi masu zaƙi. Sassoon ya nuna masa cewa maganar soja ta yau da kullum, da zaginta da tarinta, tana iya shiga waƙa.

Waƙar da ta fi kowace shahara ita ce "Dulce et Decorum Est", wadda ya zana a Oktoban 1917. Sunan Latin ne, rabin wani ɗango na Horace, mawaƙin tsohuwar Rum, mai cewa abu ne mai daɗi da dacewa mutum ya mutu saboda ƙasarsa. 'Ya'yan masu hali a Ingila sun haddace shi tun a makaranta, kuma a 1913 an zana shi a bangon cocin makarantar hafsoshi ta Sandhurst. Waƙar ɗango 28 ce, an kasa ta huɗu: takwas, shida, biyu, goma sha biyu.

Kashi na farko sojoji ne ke barin layin gaba zuwa wurin hutu. An nuna su a duƙe kamar tsofaffin mabarata ƙarƙashin buhu, gwiwa na karo da gwiwa, suna tari kamar tsofaffin mata, suna zagi cikin taɓo. Wasu na tafiya suna barci. Da yawa takalmi ya salwanta, jini ya zame musu takalmi. Cikin ɗango biyu an tuɓe wa soja kakinsa da ƙuruciyarsa da mazantakarsa. Karin Turanci ba a kan tsawon gaɓa yake ba kamar namu, a kan nauyin furuci yake, kuma wanda Owen ya ɗauka shi ne mafi sabo: gaɓa goma a ɗango, mara nauyi sai mai nauyi, sau biyar, irin takun maci. Amma tun kalmomin farko ya jera masu nauyi biyu, ya cika ɗangogin da waƙafi, har karin ya riƙa ɗingishi irin na mutanen da yake bayyanawa.

Sai ihu: Gas! Gas! Maza, samari! Gaɓoɓi huɗu masu nauyi a jere, karin ya tarwatse. A nan ya kamata a san abin da ake gudu. Jamusawa sun fara sakin iskar kulorin mai yawa ranar 22 ga Afrilu, 1915, kusa da Ypres, kuma cikin waɗanda ta fara faɗa wa har da sojojin Aljeriya da ke yi wa Faransa yaƙi. Kulorin launinta kore ne mai ratsin rawaya, ta ninka iska nauyi kusan sau biyu da rabi, don haka ba ta tashi sama, rami take bi ta kwanta, wato mafakar ita ce tarkon. In ta haɗu da danshin ido da maƙogwaro da huhu sai ta zama ruwan asid, ta ƙona fatar cikin huhun, huhun ya cika da ruwan jikin mutum. Mutum na tsaye a kan tudu, yana nutsewa. Fosjin, da ta biyo baya a ƙarshen 1915, ta fi kisa, domin ba ta cika nuna kanta ba sai bayan awanni. Ɗaya daga cikin takunkuman farko jakar ƙyalle ce da aka jiƙa da magani, da gilasai biyu na ido, a zura kai a cusa bakinta cikin riga. Gilashin na yin hazo da numfashi, hannun da sanyi ya ƙandare kuma yana ɓata daƙiƙoƙin da rai ya rataya a kansu.

Duk wannan yana cikin ɗango shida. Kowa ya sa takunkumi da ƙyar, mutum ɗaya bai kai ba, yana ihu yana tangaɗi kamar wanda wuta ta kama. Mai magana na kallonsa ta gilashi mai hazo, cikin koren haske, kamar a ƙarƙashin koren teku, yana nutsewa. Kamantawar ba ado ba ce, bayanin likita ne. Kuma gilashin yana aiki biyu: shi ya ceci mai magana, shi kuma ya raba shi da mai mutuwa.

Kashi na uku ɗango biyu ne tak, a ware, kuma a nan lokaci ya juya daga abin da ya wuce zuwa abin da ke faruwa yanzu: a duk mafarkina yana rufto mini, yana shaƙewa, yana nutsewa. Owen ya sa kalmar nutsewa ta yi amsa-amo da kanta, abin da masana waƙar Turanci ke ɗauka aibi. Da gangan ne. Mafarkin mai firgici ba ya ci gaba, wuri ɗaya yake komawa.

Ɗango goma sha biyun ƙarshe jimla ɗaya ce, ginin sharaɗi: da a ce kai ma ka bi bayan keken da muka wurga shi ciki, da ka ga fararen idanunsa na juyawa, da ka ji jini na ƙwarƙwaro daga huhunsa duk lokacin da keken ya yi tsalle, to abokina, da ba ka gaya wa yara masu ƙishirwar suna tsohuwar ƙaryar nan ba. Gani ya kori ji, wannan ce hujjar waƙar gaba ɗaya. A lura da "muka wurga". Bai ce suka wurga ba, bai ce muka kwantar ba. Ya sa kansa cikin waɗanda gajiya ta busar wa zuciya, kuma wannan ne ya ba shi bakin zargin wani. A rubutun farko ya sadaukar da waƙar ga Jessie Pope, mai baitocin zuga samari a jaridu, wadda ta kamanta yaƙin da wasa. Daga baya ya cire sunan, kuma ya yi daidai, domin da ya bar shi da waƙar ta zama faɗan mutum biyu. Yanzu "abokina" ya hau kan duk wanda ya taɓa zuga ɗan wani daga inuwa.

Babbar dabararsa kuwa tana cikin amsa-amo. Mai sauraron waƙar Hausa ya san daɗin jiran harafin ƙafiya ya dawo a ƙarshen baiti, ya kuma san yadda kunne ke hutawa in ya dawo. Owen yakan riƙe baƙaƙen kalma ya canza wasalin. Da a Hausa ne, kamar a haɗa gida da gudu, ko jini da juna. A Turancinsa ya haɗa hall da Hell, groined da groaned, escaped da scooped. Sau da yawa wasali na biyu ya fi na farko zurfi, sai amon ya riƙa gangarowa. Kunne na jiran a sauka inda aka saba, sai a sauka kusa da wurin, ƙasa kaɗan, kamar kalangun da tsirkiyarsa ta saki: kiɗan na nan, amma murya ta faɗi. Akwai irin wannan a tsohuwar waƙar Wales, amma Owen na cikin na farko da suka gina waƙa sukutum a kansa a Turanci.

An fi jin aikinsa a "Exposure", waƙar daren sanyi. Baiti takwas ne, kowanne ƙwar biyar. Ɗango huɗun farko dogaye ne masu wannan gurguwar ƙafiya, na biyar gajere ne, a rataye. A tahamisinmu ɗango na biyar shi ke ɗauke da babban amsa-amo, shi ke rufe baiti. A nan shi ne ke ƙin rufewa, kuma sau huɗu abin da yake faɗa shi ne: amma ba abin da ya faru. Abokin gaba a waƙar iskar gabas ce mai suka kamar wuƙa. Asuba ma an mutunta ta, ta zama janar mai tara rundunar gizagizai. Sojojin na gyangyaɗi, suna ganin murhun gida, amma ƙofofi a rufe suke. Ƙarshenta masu binne gawa suka zo da diga da shebur, suna duban fuskokin da suka ɗan sani, idanu duk sun zama ƙanƙara. Ba a kai hari ko ɗaya a waƙar ba. A ganina ita ce ta fi kowace faɗin gaskiyar rami, domin mafi yawan zaman rami jira ne.

"Strange Meeting" ƙwar biyu ce daga farko har ƙarshe a kan wannan salo. Mai magana ya tsere daga daga ta wani dogon rami, ya iske masu barci suna nishi, ɗaya ya zabura ya dube shi, daga murmushinsa ya gane lahira suke. Mamacin ya yi baƙin cikin shekarun da bai rayu ba, da gaskiyar da ya mutu bai faɗa ba, wato tausayin yaƙi. Sai can ƙarshe ya ce: ni ne maƙiyin da ka kashe, abokina, na gane ka a duhun nan, domin haka ka ɗaure fuska jiya da kake soka mini banati. A wani rubutu na farko cewa ya yi shi sojan Jamus ne da aka ɗauka dole. Cire sunan ƙasar ya sa maƙiyi da aboki suka zauna a ɗango ɗaya ba wani bayani a tsakaninsu. Ɗangon ƙarshe rabi ne, mu yi barci yanzu, ba shi da abokin amsa-amo.

"Anthem for Doomed Youth" kuwa ta bi tsohon zubi mai ɗango 14, takwas da shida, kuma rubutun hannunta na nan da gyare-gyaren Sassoon a jiki. Don a gane ta sai an san cewa Birtaniya ta hana mayar da gawarwakin sojoji gida. Inda ka faɗi nan za a binne ka, in an same ka. A ginin tunawa na Thiepval kaɗai akwai sunaye fiye da 72,000 na waɗanda suka ɓata a Somme ba a san kabarinsu ba. Duk wanda ya san nauyin wanka da likkafani da rakiya a wurinmu zai gane abin da aka ƙwace wa iyayen nan. Waƙar ta buɗe da tambaya: wace ƙararrawa za a kaɗa wa masu mutuwa kamar shanu? Sai ta bi kayan jana'izar coci ɗaya bayan ɗaya tana musanya su. Ƙararrawa ta zama rugugin igwa, addu'a ta zama i'inar bindigogi, inda ya jera kalmomi masu harafin r da t har baki ya yi ƙarar harbi, mawaƙan coci suka zama kukan harsasai. A ɗango shidan ƙarshe murya ta sauka, aka koma gida: kyandir ya zama ƙyallin idanun yara maza, mayafin akwatin gawa ya zama fuskokin 'yan mata da suka koɗe. Wasu masu sharhi na ganin wannan rabin ya yi laushi, ya kusa komawa rarrashin da Owen ke yaƙa. Suna da ɗan gaskiya.

Babu laushi ko kaɗan a "The Parable of the Old Man and the Young". Ya ɗauki labarin Annabi Ibrahim da ɗansa yadda yake a Attaura, inda Ishaƙu ne abin yankan, da irin harshen littafin. Sannu a hankali kayan soja ke shigowa: an ɗaure yaron da bel da maɗauri, an gina ramuka da shingayen yashi a wurin yankan. Mala'ika ya yi kira, kada ka taɓa yaron, ga rago can, yanka Ragon Girman Kai a madadinsa. Nan labarin ya rabu da na asali. Tsohon ya ƙi, ya yanka ɗansa, da rabin zuriyar Turai, ɗaya bayan ɗaya. Tsohon nan ba Annabin ba ne, shugabannin Turai ne, kuma zargin ya yi nauyi ne saboda Annabi Ibrahim ya bi umarni ya karɓi ragon, su kuwa an nuna musu mafita suka fifita girman kansu a kan 'ya'yansu. Ɗango biyun ƙarshe ya ba su cikakken amsa-amo, wanda ya hana sauran waƙar.

A 1918 ya zana gabatarwar littafin da yake fatan fitarwa. Ya ce littafin ba na jarumai ba ne, jigonsa yaƙi ne da tausayin yaƙi, waƙar tana cikin tausayin, kuma abin da mawaƙi zai iya yi a yau gargaɗi ne kawai, shi ya sa dole mawaƙin gaske ya faɗi gaskiya. Tausayin nan ba na mai wucewa ba ne da ke jefa wa miskini kwabo. Na wanda ke cikin abin ne, mai hannu a ciki. Owen bai ajiye bindiga ba. Ya koma Faransa a ƙarshen Agustan 1918, a farkon Oktoba kusa da Joncourt ya karɓi jagorancin rukuninsa bayan an raunata na gaba da shi, ya ƙwace mashingan na Jamusawa ya juya shi kansu, aka ba shi lambar yabo ta Military Cross. Ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa ya dawo ne don ya taimaki yaran nan ta hanya biyu: ya jagorance su iyakar iyawar hafsa, ya kuma ga wahalarsu don ya yi magana a madadinsu kamar mai roƙa wa wani a gaban shari'a. Wanda ya rubuta "ni ne maƙiyin da ka kashe" ya koma ya kashe. Duk karatun da ya ɓoye wannan ya rage wa waƙoƙin nauyi.

Akwai suka, kuma ba duka ne na banza ba. W. B. Yeats, mawaƙin Ireland, ya ƙi sa shi a babban kundin waƙoƙin zamani da ya shirya a 1936, yana cewa wahalar da mutum ke sha ba tare da kataɓus ba ba jigon waƙa ba ce. Zamani bai goyi bayansa ba: mai tsara kiɗa Benjamin Britten ya saka waƙoƙin Owen tara cikin kiɗan makokin da aka fara yi a babban cocin Coventry a 1962, kuma kalmomin gabatarwar nan ne aka zana a dutsen tunawa da mawaƙan yaƙin 16 a cocin Westminster Abbey da ke Landan a 1985. Sukar masana tarihi ta fi ƙarfi. Cikin kusan mutum miliyan shida da Birtaniya ta tara, waɗanda suka mutu sun ɗan haura 700,000, kuma da yawa daga waɗanda suka dawo sun riƙe cewa yaƙin na da dalili. Mata a waƙoƙinsa, in ba masu makoki ba, to masu zuga ne ko masu kau da kai daga nakasasshe, alhali dubbansu na jinyar masu rauni. Kuma yaƙin Owen na fagen yamma ne kawai. Sojojin rundunar Najeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, da suka yi daga a Garwa da Mora da Banyo tsakanin 1914 da 1916, sannan aka kai su Gabashin Afirka, da 'yan dakon da cuta ta cinye a hanya, ba su cikin waɗannan baitoci. Shaidar mutum ɗaya ce daga wuri ɗaya, kuma a matsayin shaida ya kamata a karɓe ta.

Mai nazari ya kuma sani cewa Owen bai kammala gyara yawancin waƙoƙin ba. Edith Sitwell ta buga bakwai a 1919, littafin farko ya fito a 1920 da gabatarwar Sassoon, Edmund Blunden ya faɗaɗa shi a 1931, Jon Stallworthy ya tattara duka har da gutsattsari a 1983, kowannensu yana zaɓa tsakanin rubuce-rubucen hannu masu kashe-kashe. Iyali ma sun sa hannu. Ƙaninsa Harold ya goge wurare a wasiƙunsa, mahaifiyarsa kuma ta ɗauko ɗango daga waƙarsa "The End" ta sa a kan kabarinsa a Ors, amma ta cire alamar tambaya, shakkar da ya yi kan ko za a shafe mutuwa ta koma tabbaci. Ko waƙar gas ɗin nan tana da fuska biyu a ɗango na takwas. A wasu bugu sojojin sun kurumce ga ƙarar harsasan igwar Jamus mai inci 5.9 da ke faɗuwa bayansu a gajiye, a wasu kuma harsasan gas ne ke faɗuwa a hankali. Na biyun ya fi shirya kunne ga ihun da ke tafe, domin harsashin gas ba ya fashewa da ƙara irin ta sauran, ɗan tim yake yi a taɓo, kuma sojan da gajiya ta kurumtar ba zai bambance shi da wanda ya ƙi tashi ba.